Yadda Ake Tafiyar Dogon Zango a Ajin Firimiyom Ikonomi, Daga Yankan Tikiti Zuwa Ɗaukar Kaya

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu shirin tafiya mai nisa, irin ta awa takwas zuwa goma sha biyar a sama: wai wannan ajin na tsakiya, wato firimiyom ikonomi, wanda ya ɗara ikonomi amma bai kai bizines mai kujerar da ke zama gado ba, yaya ake shigarsa, kuma ya ci kuɗinsa? A taƙaice, fili kake saye, ba gado ba. Wanda ya shiga da wannan sanin yakan sauka da farin ciki. Wanda ya shiga yana tsammanin ƙaramin bizines ne yakan sauka yana cizon yatsa. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

1. San abin da kuɗinka zai saya

Abu uku ake aunawa a kujerar jirgi: tazara, faɗi, da yadda take kwantawa baya.

Tazara ita ce nisan da ke tsakanin kujerarka da ta gabanka. A ikonomi na dogon zango yawanci inci 31 zuwa 32 ne, wato kusan santimita 79 zuwa 81. A firimiyom ikonomi mafi yawan kamfanoni inci 38 suke bayarwa, kusan santimita 97. Emirates na kaiwa inci 40, Japan Airlines kuma 42. Faɗin kujera yana tashi daga inci 17 ko 18 zuwa tsakanin 18.5 da 19.5. A takarda bambancin faɗin bai taka kara ya karya ba, amma majinginar hannun da ke tsakaninka da maƙwabcinka tana da kauri, don haka ba a kokawar gwiwar hannu. Bayan kujerar yana kwantawa har kusan inci 7 ko 8, akwai matakin ƙafa a ƙasa, wasu kuma har da matokarin ƙwauri da ke ɗagowa daga jikin kujerar.

Sauran abubuwan, irin su ƙarin kaya, babban allon kallo, abinci a farantin tangaran, shiga jirgi da wuri, duk sun danganta da kamfani. Kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikinsu a matsayin tabbas sai ka gan shi a rubuce.

*Hattara:* kujerar ba ta miƙewa ta zama gado. Mai ciwon baya ko wanda aka yi wa aiki, wanda likita ya ce dole ya kwanta a miƙe, wannan ajin ba zai biya masa buƙata ba.

2. Rarrabe na gaske da mai kama da shi

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Kamfanoni da yawa suna sayar da abu biyu masu sunaye kusan iri ɗaya: ɗaya aji ne na daban mai kujerarsa da labulensa, ɗaya kuma kujerar ikonomi ce kawai da aka ƙara wa ɗan wurin miƙe ƙafa.

Na gaske: Premium Plus a United, Premium Select a Delta, Premium Comfort a KLM, World Traveller Plus a British Airways, Premium a Virgin Atlantic. Lufthansa, Singapore Airlines, Cathay Pacific, Qantas, Emirates da American Airlines kuma Premium Economy suke kiransa kai tsaye.

Mai kama da shi: Economy Plus a United, Delta Comfort (wanda a da ake kira Comfort+) a Delta, Economy Comfort a KLM, Main Cabin Extra a American Airlines. Waɗannan ba su da laifi, ga mai dogayen ƙafafu ma suna iya wadatarwa da kuɗi kaɗan, sai dai faɗin kujera da abinci na ikonomi ne.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ƙirga kujerun da ke jere ɗaya a taswirar jirgin. Idan adadinsu daidai yake da na baya, ikonomi ne aka yi wa ado. A Boeing 787 ikonomi 3-3-3 ne, firimiyom kuma 2-3-2. A Boeing 777 ikonomi yawanci 3-4-3, firimiyom 2-4-2. A Airbus A330 ikonomi 2-4-2, firimiyom 2-3-2. A Airbus A350 za ka ga 2-4-2 ko 2-3-2, ya danganta da kamfanin.

Akwai kuma manyan kamfanonin da ba su da wannan ajin kwata-kwata, kamar Qatar Airways. Idan ejan ya ce zai yanka maka firimiyom a irin wannan kamfani, tambaye shi ainihin abin da yake nufi.

3. Duba jirgin da kansa, zango bayan zango

Kamfani na iya samun ajin amma ba a duk jiragensa ba. Emirates misali ne: ta fara sayar da shi a 2022, kuma tana ci gaba da saka shi ne a jiragenta sannu a hankali, don haka a hanya ɗaya jirgin safe na iya samunsa, na dare babu.

Kafin ka biya, buɗe cikakken bayanin tafiyar ka duba abu uku a kowane zango:

Na farko, ajin da aka rubuta a gaban zangon. Tafiya mai yada zango takan zo a gauraye: gajeren zango na awa biyu a ikonomi, dogon a firimiyom. Wannan ba matsala ba ne, domin ƙananan jirage ba su da ajin. Matsalar ita ce idan aka juya, wato zangon awa goma sha ɗaya yana ikonomi, na awa shida ne ke firimiyom, kai kuma ka biya kuɗin duka. Shafukan kwatanta farashi sukan rubuta wannan da ƙananan haruffa.

Na biyu, kamfanin da zai tuƙa jirgin. Tikiti na iya ɗauke da sunan kamfani ɗaya alhali jirgin na abokin hulɗarsa ne. Kujera, abinci da hidimar da za ka samu na mai jirgin ne, ba na wanda ya sayar maka ba.

Na uku, samfurin jirgin. Da shi da sunan kamfanin za ka nemi taswirar kujeru a shafin kamfanin ko a aeroLOPA, wanda ke zana wurin taga, ban ɗaki da kicin daidai yadda suke. Google Flights ma yana nuna tazarar kujera a ƙarƙashin kowane jirgi. Ba a cinikin biri a sama.

4. Yi lissafin gaskiya

Kuskuren da aka saba yi shi ne kwatanta farashin firimiyom da tikitin ikonomi mafi arha, wanda ba shi da jaka ko ɗaya kuma ba a canza masa rana. Ba da shi za ka kwatanta ba. Kwatanta da abin da ikonomi zai ci maka bayan ka ƙara duk abin da lallai za ka ƙara.

A ce, don misali kawai, ikonomi zuwa da dawowa dala 900 ne. Kana buƙatar jaka ta biyu, dala 100 a kowace tafiya. Kana son kujerar bakin hanya, dala 50 a kowace tafiya. Ikonomin ya zama 1,200. Idan firimiyom 1,500 ne, ainihin bambancin 300 ne, ba 600 ba. Raba shi da awannin da za ka yi a kujerar: awa 11 zuwa, 11 dawowa, 22 ke nan, kowace awa ƙasa da dala 14. Wannan ciniki ne mai kyau. Idan kuwa firimiyom ɗin 2,300 ne, bambancin 1,100, kowace awa dala 50. A nan ka tsaya ka leƙa farashin bizines, domin wani lokaci rangwame kan sa ratar da ke tsakaninsu ta ƙanƙance, kuma gado ya fi kujera nesa ba kusa ba.

Ba dole ba ne ka sayi ajin a zuwa da dawowa. Mafi yawan shafukan kamfanoni suna bari ka zaɓi aji daban a kowace tafiya. Idan ɗaya za ka iya, sa kuɗin a kan wadda ta fi tsawo, ko wadda za ka sauka ka wuce aiki kai tsaye. Ra'ayi ya rabu kan dare da rana: wasu na ganin tunda kujerar ba ta zama gado, tafiyar rana ce ta fi fito da amfaninta, domin za ka iya buɗe kwamfuta ko da na gabanka ya kwantar da tasa. Amma ga mai iya barci a kishingiɗe, tafiyar dare ce wurin da bambancin ya fi tsanani.

*A kula:* haraji ma na shiga lissafi. Jirgin da ya tashi daga Birtaniya ana ɗora masa harajin fasinja, kuma a tafiya mai nisa na firimiyom ikonomi ya ninka na ikonomi fiye da sau biyu, domin matakinsa ɗaya da na bizines. Shi ya sa tafiyar da ta fara daga Landan takan fi tsada a wannan ajin, ko da ka biya da maki, wato ladan da kamfanin jirgi ke tara wa fasinja a kowace tafiya.

5. Yankan tikiti

Idan farashin bai yi nisa ba, saya a shafin kamfanin jirgin kai tsaye. Ranar da aka canza jirgi ko aka soke tafiya, wanda ya saya ta hannun ɗan tsakiya akan mayar da shi wurin ɗan tsakiyar, shi kuma ya mayar da shi wurin kamfani.

A cikin ajin kansa akwai matakan farashi. Mafi arha sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa, canza rana da tara, wani ma jaka ɗaya kawai yake bayarwa. Karanta jadawalin da ke fitowa kafin shafin biya, musamman layin kaya, layin zaɓen kujera da layin canji.

Bayan ka biya, duba harafin ajin da ke jikin tikitin. Kowane kamfani da nasa: British Airways na amfani da W, E da T, Lufthansa kuma G, E da N. Harafin nan shi ke nuna makin da za ka samu da kuma ko za a iya ɗaga ka zuwa bizines da maki. Shigar da lambarka ta tara maki tun a wannan lokacin, domin firimiyom yakan ba da maki fiye da ikonomi mai arha.

Tabbatar sunan da ke tikitin daidai yake da na fasfo, harafi da harafi. Idan tafiyar ta shafi Amurka kuma ka saya daga kamfanin kai tsaye kwana bakwai ko fiye kafin tashi, doka ta ba ka awa 24 na fasawa ba tare da tara ba, ko kuma kamfanin ya riƙe maka farashin na awa 24 kafin ka biya. Yi amfani da wannan damar ka sake duba komai a tsanake.

6. Idan ka riga ka sayi ikonomi

Hanya huɗu ce ta hawa gaba.

Ta farko, tayin da ke fitowa a manhajar kamfanin ko ta imel. Farashinsa na hawa da sauka gwargwadon kujerun da suka rage, don haka a riƙa leƙawa, musamman a makon ƙarshe.

Ta biyu, gwanjo. Kamfanin zai gayyace ka ka faɗi abin da za ka iya ƙarawa, ka ba da katinka, sai a cire kuɗin idan an karɓi tayinka, yawanci kwana ɗaya zuwa uku kafin tashi. Kafin ka sa adadi, duba nawa ne bambancin idan da kai tsaye za ka canza tikitin. Kada tayinka ya kai wannan. Yawan taya kuma ba ya tabbatar da komai idan ajin ya cika.

*Hattara:* adadin da ka rubuta na mutum ɗaya ne a zango ɗaya. Idan ku huɗu ne a tikiti ɗaya, sau huɗu za a cire, kuma yawanci ba a ɗaga mutum ɗaya a bar sauran.

Ta uku, maki. Tikitin ikonomi mafi arha sau da yawa ba ya karɓar wannan, kuma akwai ragowar haraji da za ka biya da kuɗi.

Ta huɗu, tambaya a kantar auna kaya ko a ƙofar shiga jirgi. Wani lokaci nan ne mafi arha, amma sa'a ce. Tambayi ma'aikacin a fili ko ƙarin ya haɗa da ƙarin kaya, domin a wasu kamfanonin kujerar kawai ka saya, ƙa'idar kayanka da makinka na tsohon tikitin ne. Abincin ajin ma yana iya ƙarewa, tunda an loda shi ne da ƙidayar da aka yi tun kafin ka shigo.

Jiran a ɗaga ka kyauta don ka sa tufafi masu kyau ba tsari ba ne. Idan ikonomi ya cika har sai an matsar da wasu gaba, kwamfuta ce ke zaɓa, kuma masu babban matsayi a tsarin maki take fara ɗauka.

7. Zaɓen kujera

Ajin ƙarami ne, sau da yawa jere uku zuwa takwas, saboda haka kujeru masu kyau da wuri suke ƙarewa. Zaɓi tun ranar da ka yanki tikiti idan kyauta ne. Wasu kamfanonin, ciki har da British Airways, suna cajin kuɗin zaɓe ko a wannan ajin har sai an buɗe cekin, wato rajistar shiga jirgi, sai dai idan tikitinka mai sassauci ne ko kana da matsayi.

Mutum biyu: kujeru biyun gefen taga. Babu baƙo a tsakaninku, babu wanda zai tsallake ku.

Mutum ɗaya mai son barci: taga, ka jingina da bango, ba mai tashinka. Amma ka sani fita daga taga a nan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Idan na gaba ya kwantar da kujerarsa, maƙwabcinka kuma ya ɗaga matokarin ƙwauri, ba ka da hanyar wucewa sai ka tashe shi.

Mutum ɗaya mai yawan tashi: bakin hanya a rukunin tsakiya. A tsarin 2-3-2 wannan ya fi, domin kujerar tsakiya ita ce ta ƙarshe da ake cikewa, idan ma an cike ta mai ita yana da hanyar fita ta ɗaya gefen.

Wadda za a guje wa: biyun ciki a tsarin 2-4-2. Ka biya ƙarin kuɗi kuma ka zauna a matse tsakanin mutane.

Jeren farko, mai fuskantar bango, yana da masoya da maƙiya. Babu wanda zai kwanto maka, gwiwa na da sarari, fita da sauƙi. Amma ba ka da ƙarƙashin kujera da za ka zura ƙafa, don haka dogon mutum na iya jin bangon ya tokare shi. Dole duk jakunkunanka su hau sama lokacin tashi da sauka. Allon kallo yana bango ko a naɗe cikin majinginar hannu. A nan ne kuma ake maƙala gadon jarirai, wanda ke nufin abu biyu: kuka na iya zama kusa da kai, kuma ana iya ɗauke ka daga kujerar a ba mai goyo.

Jeren ƙarshe yana da daɗinsa, za ka kwantar da kujera ba tare da takura wa kowa ba. Sai dai bayan labulen nan jeren farko na ikonomi ne, inda su ma ake saka jarirai, kuma abinci yakan iso ka bayan zaɓi ɗaya ya ƙare.

Akwai kuma nau'in kujerar da ba ta kwantawa baya. Tana cikin ƙoƙo mai tauri, idan ka danna maɓalli sai mazauninta ya zame gaba. Japan Airlines na amfani da irinta, haka wasu jiragen Air France da sababbin na Lufthansa. Amfaninta shi ne filinka naka ne har a sauka. Illarta, wasu na jin suna zamewa ƙasa, ƙugu ya gaji. Idan barci ne burinka, bincika wace iri ce a jirginka.

*Hattara:* majinginar hannu ta tsakiya a wannan ajin ba ta ɗagawa, domin tebur yana cikinta. Mai jiki sosai na iya samun ikonomi mai ɗaga majingina ya fi masa sauƙi. Yaro ma ba zai iya miƙewa ya ɗora kai a cinyar uwarsa ba. Iyali masu ƙananan yara su yi tunani a kan wannan kafin su biya.

8. Kwana biyu kafin tafiya

Abinci na musamman ana neman sa ne aƙalla awa 24 kafin tashi, wasu kamfanonin 48. Lambobinsa iri ɗaya ne a ko'ina: MOML na halal, VGML mara nama da madara da ƙwai, DBML na masu ciwon sukari, CHML na yara. Ka sani fa, a kamfanoni da dama abincin musamman na firimiyom daidai yake da na ikonomi. Wasu kuma suna bari ka zaɓi babban abincinka tun daga gida, kamar yadda Singapore Airlines ke yi, kuma wannan shi ne maganin a ce maka abin da kake so ya ƙare. Idan an canza maka jirgi ko an ɗaga ka daga ikonomi, sake tabbatar da odar, domin takan ɓace a irin wannan canjin.

Kaya: abin da aka fi samu shi ne jaka biyu, kowace kilo 23. Wasu kamfanonin nauyi suke ƙirgawa a dunƙule, kamar kilo 35 a Singapore Airlines da Emirates a hanyoyin da ba a ƙirga jaka. Idan ƙa'idar jaka biyu ce, ba a haɗa nauyi. Jaka mai kilo 28 da mai 15 za su jawo maka tara duk da cewa jimillarsu ba ta kai 46 ba. Ko a tsarin dunƙule, jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32. Tsawo da faɗi da tudu idan an haɗa, iyakar da aka saba ita ce santimita 158.

Fawa bank da batiran ajiya a jakar hannu suke tafiya, ba a jakar da za a auna ba, kuma kamfanoni da dama yanzu sun hana amfani da su a cikin jirgi. Ɗauki wayar caji da kan caja, tunda kusan kowace kujera a ajin tana da soket da USB.

Ana buɗe cekin ta intanet tsakanin awa 24 da 48 kafin tashi. Shiga da zarar an buɗe, ka sake duba taswirar. Idan lambar kujerarka ta canza ba da saninka ba, alama ce an sauya jirgi.

9. A filin jirgi

Nemi allon da ke ɗauke da sunan ajinka a wurin auna kaya. Wasu kamfanonin suna da kanta ta musamman, wasu layin ikonomi za ka bi. Kada ka rage lokacin zuwanka don ka dogara da wannan: awa uku kafin tashi nan ma ita ce ƙa'ida, domin binciken tsaro da na fasfo yawanci layin kowa da kowa ne.

Ɗakin hutu na manyan fasinjoji ba ya cikin tikitin a mafi yawan kamfanoni. Japan Airlines da ANA suna cikin ƙalilan da ke bayarwa. Wasu na sayar da shiga a ƙofa. Duba kafin ka je ka tsaya a mayar da kai.

Lambar rukunin shiga tana jikin takardar shiga jirgi, kuma yawanci bayan bizines ake kiranku. Shiga da wurin na da amfani ɗaya na zahiri: ma'ajiyar sama. Fasinjojin baya sukan ajiye jakunkunansu a saman kujerun gaba suna wucewa.

10. Cikin jirgi

Kafin a rufe ƙofa, gwada komai: maɓallin kwantar da kujera, matokarin ƙwauri, allo, abin saurare, soket. Idan wani abu ya lalace, faɗa wa ma'aikatan tun jirgi na ƙasa, lokacin da za a iya sauya maka kujera. Idan babu wata, roƙe su su rubuta rahoto, ka ɗauki hoto, domin da shi za ka nemi diyya daga baya.

Matokarin ƙwauri yana aiki ne tare da bayan kujerar. Fara kwantar da bayan, sannan ka ɗago matokarin, sannan ka sauke matakin ƙafa. Ga mai matsakaicin tsawo wannan ya yi daidai. Dogon mutum kuwa matokarin na iya danna masa ƙwauri a jikin kujerar gaba, gara ya bar shi a ƙasa ya miƙe ƙafa. Lanƙwasa fikafikan matashin kai su riƙe maka wuya, ka sa ƙaramin filon da aka ba ka a ƙugu, ba a kai ba. Ɗaura bel a saman bargo don kada a tashe ka idan iska ta kaɗa jirgi.

Kujerar tana kwantawa sosai fiye da ta ikonomi, don haka waiga kafin ka danna, ka yi a hankali, kuma ka miƙar da ita lokacin cin abinci. Allon kwamfutar na bayanka na iya maƙalewa.

Tsarin abinci: babba bayan tashi da kusan awa ɗaya, ƙarami kafin sauka da awa ɗaya da rabi ko biyu. Sau da yawa na farkon ne aka inganta, na biyun irin na baya ne. A tafiyar dare ta awa bakwai ko takwas, wanda ya ci a ƙasa ya ce kada a tashe shi ya ƙara wa kansa barcin fiye da awa guda.

Ban ɗaki yawanci na ikonomi za ku yi tarayya, na bizines ba naku ba ne ko da shi ya fi kusa. Layi ya fi tsawo bayan an kwashe farantai da kuma kafin sauka, sai a riga shi.

Faɗin kujera ba ya hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, haɗarin da ke ƙaruwa a tafiyar da ta wuce awa huɗu. Tashi ka taka duk bayan awa biyu ko uku idan kana farke, ka riƙa motsa idon sawu, ka sha ruwa da yawa domin iskar jirgi busasshiya ce. Mai juna biyu, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa samun wannan matsalar su ga likita kafin tafiya a kan safa mai matse ƙafa.

11. Idan aka mayar da kai ikonomi

Yana faruwa idan an sauya jirgi da wanda ba shi da ajin, ko an sayar da kujeru fiye da kima. Kada ka yar da komai: tsohon tikiti, takardar shiga jirgi ta farko da sabuwar, da saƙon da aka turo. Nemi ma'aikacin ƙofa ya rubuta maka cewa kamfanin ne ya sauke ka, ba kai ka zaɓa ba. Idan kana da lokaci, tambayi ko za a mayar da kai jirgi na gaba mai ajin ba tare da ƙarin kuɗi ba.

A ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai lamba 261/2004, wadda ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen tarayyar da kuma jiragen kamfanoninta masu shigowa, ana mayar maka da kashi 75 cikin 100 na kuɗin zangon idan tafiyar ta wuce kilomita 3,500 kuma ta fita wajen tarayyar, cikin kwana bakwai. Kuɗin zangon da abin ya shafa ake lissafawa, ba na tikitin duka ba, kuma ban da haraji. Birtaniya na da doka irin wannan. A sauran wurare abin da aka saba shi ne mayar da bambancin farashi.

*Hattara:* idan aka miƙo maka takardar rangwame ko maki a ƙofar jirgi, karanta kafin ka sa hannu. Wata takan ƙunshi cewa ka yafe sauran haƙƙinka.

12. Sauka

Ajin yana gaba, don haka za ka riga ɗaruruwan mutane isa layin fasfo idan ka tattara kayanka tun kafin a kunna alamar bel. Laluba aljihun gefen kujera da ramin da ke ƙarƙashin majinginar hannu, nan waya da fasfo suka fi ɓuya. Idan waya ta faɗa cikin ƙarfen kujerar, kada ka motsa ta, kira ma'aikaci, domin batirin da aka murƙushe na iya kama wuta.

Jakarka za ta fito da wuri ne kawai idan kamfanin na maƙala wa ajin alamar fifiko, kuma an maƙala ta tun a wurin aunawa. Makin tafiyar kan shiga asusunka cikin 'yan kwanaki. Idan mako biyu ya wuce bai shiga ba, ko ya shiga da lissafin ikonomi, tura hoton takardar shiga jirgi da lambar tikiti ta shafin neman makin da ya ɓace, kafin wa'adin da kamfanin ya sa ya cika.